Babi Na Biyar: Kiɗa Ba Mawaƙi

A babin da ya gabata mun yi bayanin kayan aikin mai kiɗan biki na wannan zamani, wanda jama'a ke kira dije, wato sifiku da na'urar haɗa sauti da makirfo da janareta, waɗanda duk abubuwa ne da ido ke gani, hannu ke ɗauka, a ɗaure su a bayan babur ko a loda su a mota a kai ƙofar gidan biki. Yanzu kuma za mu juya ga abin da ba a gani, wanda kuwa a kansa sana'ar ta dogara baki ɗaya, wato waƙoƙin da ke kwance cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, da yadda ake samo su, da yadda ake sauya musu siga daga wannan zuwa waccan, musamman irin waƙar da aka zare muryar mawaƙinta aka bar kiɗan zalla domin wani ya hau ya rera. Na zaɓi in kafa misalaina a kan Runka, garin da ke cikin ƙaramar hukumar Safana, ƙasar Yariman Katsina, daf da bakin Dajin Rugu, saboda abin da ya yi aiki a Runka zai yi aiki a ko'ina, alhali kuwa dabarar da ta ci nasara a babban ɗakin taro na Abuja ba lalle ba ne ta kai labari a can.

Asalin wannan al'ada ta rera waƙa a kan kiɗan da aka naɗa, wadda duniya ta sani da sunan karaoke, daga ƙasar Japan ya fito, kuma ko da yake masu tarihi sun yi saɓani a kan wanda ya riga kowa, mafi shaharar ruwaya ita ce wadda ta jingina abin ga wani makaɗi mai suna Daisuke Inoue, wanda ke yi wa 'yan kasuwa kiɗa a gidajen shaƙatawa na birnin Kobe, su kuwa suna rera waƙa da bakinsu. A shekarar 1971 ya haɗa wani akwati mai kaset da makirfo da ramin jefa kuɗi, ta yadda mutum zai biya ya yi waƙarsa ko da makaɗin yana gida yana barci. Bai kuma yi wa wannan ƙirƙira tasa rajista ba, saboda haka kamfanoni suka ɗauka suka tara dukiya da ita. Daga kaset aka koma faifai, daga faifai aka koma fayil na kwamfuta, kowane zamani kuma ya bar mana gadon sigarsa, shi ya sa ma'abucin wannan sana'a a yau yake cin karo da fayiloli iri-iri, wannan ya buɗu a kwamfuta ya ƙi talabijin, wancan ya ba da sauti ya hana rubutu.

Bahaushe dai bai jira Japan ba kafin ya san daɗin hawa kan kiɗan wani. Tun fil azal waƙarmu gida biyu ce, jagora da 'yan amshi, kuma duk wanda ya taɓa zama inda aka sa kaset ɗin Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 1999, ya san jama'a ba sa yin tsit kamar masu sauraron huɗuba, amshi suke karɓa tare da makaɗan kalangu. Haka nan mata a cikin gida idan ana amada irin ta Barmani Coge ta Funtuwa. A Kano kuma masu bege da bandiri, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya, sun daɗe suna ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su ɗora masa yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan naɗar sauti na Kano a ƙarshen shekarun 1990, aka fara yi wa finafinan Hausa waƙoƙi da shi, sai kiɗa ya zama abu mai zaman kansa, wanda mutum ɗaya ke haɗawa a ɗaki, a ajiye shi daban, daga baya mawaƙi ya zo ya ɗora murya. Ta wannan ƙofa kuwa karaoke ya shigo ƙasar Hausa ba tare da ya faɗi sunansa ba. Mai neman gidan karaoke irin na Tokyo a Runka ko Batsari zai sha yawo, amma idan ya tsaya a filin kamu ko wuni zai ga ƙawayen amarya sun nemi a sa musu kiɗan wata waƙa ta Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker su rera da kansu, ko kuwa wani yaro mai tashen waƙa ya karɓi makirfo yana cusa sunan ango da na abokansa a gurbin baitocin asali, ana yi masa liƙi. Idan kakar siyasa ta kama kuwa, kowane gari yana da matashin da ke gwada sa'arsa a kan salon Dauda Kahutu Rarara.

Sharaɗi na farko ga dijen da ke son biyan wannan bukata, wanda idan ya ɓaci sauran duk sun ɓaci, shi ne waƙar ta kasance cikin kwamfutarka, a hannunka, ba a wani rumbu na intanet ba da sai sabis ya yarda za ka kai gare shi. Akwai manhajoji na haya, irin su KaraFun ta ƙasar Faransa, masu ɗauke da dubban waƙoƙi tsararru, amma waƙoƙin nan a kulle suke cikin manhajar, ba a fitar da su a kai wani wuri, ranar da kuɗin wata ya ƙare kuma ƙofa ta rufe, balle ma da wuya ka tarar da waƙar Hausa a cikinsu. Mutanen wannan yanki sun ga hujjar maganar nan da idonsu a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, sa'ad da ta'adin ɓarayin daji ya sa aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Safana da Batsari da Ɗanmusa da Dutsin-ma, har mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa domin kiran waya ɗaya tak. Ba sai an faɗa ba, a irin wannan hali wanda ya dogara ga YouTube ya koma ɗan kallo, kuma ko a kwanakin da layi yake nan, sabis ɗin ƙauye ba abin da mai hankali zai jingina mutuncinsa gare shi ba ne a gaban iyayen amarya. Guntun gatarinka, in ji magabata, ya fi sari ka ba ni.

To, tun da ya wajaba fayil ya kasance a hannu, ya kamata a san jinsinsa. Mafi cikar siga ita ce wadda ake kira WAV, wadda ke riƙe sauti kamar yadda yake a faifan CD, an auna shi sau 44,100 cikin kowace daƙiƙa, ba a zubar da komai ba. Illarta kawai nauyi, domin minti ɗaya yana cin wajen megabayit 10. Sigar MP3 kuwa, wadda masanan cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus, irin su Karlheinz Brandenburg, suka yi fice wajen ƙirƙirarta a farkon shekarun 1990, an gina ta ne a kan wata hikima, wato cewa kunnen ɗan Adam ba ya riskar duk abin da ke cikin sauti, kuma idan amo mai ƙarfi ya zo tare da mai rauni kusa da shi, mai ƙarfin yakan rufe mai raunin. Sai na'ura ta zubar da abin da take zaton kunne ba zai lura da rashinsa ba, fayil ya yi sauƙi. Gwargwadon zubarwar ana gane shi da wata lamba: mai 128 yana cin kimanin megabayit 1 a minti, mai 320 kuwa, wanda shi ne maƙurar kyau a wannan siga, ya kusa biyu da rabi. Akwai kuma MIDI, wanda ya fito a 1983, da ɗan'uwansa KAR mai ɗauke da rubutun waƙa. Waɗannan babu sauti a cikinsu ko kaɗan, umarni ne kawai ga na'ura cewa ta buga amo kaza a lokaci kaza, saboda haka kyawunsu yana ga na'urar da ta karanta su, kuma cikin jerin kayan kiɗa 128 da aka yi ittifaƙi a kansu babu kalangu, babu kotso, babu gurmi. Duk wanda ya sami irin wannan fayil, ya buga shi a gida a kan fiyanon da ya fi daɗi, ya naɗe shi ya zama WAV tun kafin ranar taro.

A nan ne ake tabka kuskuren da ya fi kowane yawa, kuma malamanmu na zaure sun san irinsa tun kafin a haifi kwamfuta. Littafin da aka kwafa daga kwafi, aka sake kwafar wani daga wancan, kowane marubuci yana sarayar da ɗigo a nan, wasali a can, har ma'ana ta karkace ba wanda ya yi nufi. Wannan ya sa suke neman kwafin da aka gwada da na mawallafi, kamar yadda ma'abota hadisi suke fifita isnadi mai ƙarancin mutane tsakaninsu da tushe. Fayil ɗin waƙa ma yana da isnadinsa. Sai dai a lura da wani bambanci mai muhimmanci: tura fayil daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth, ko zuba shi cikin memori a shagon masu tura waƙa, ba ya rage masa komai ko da an yi sau dubu, domin na'ura ba ta gajiya, ba ta gyangyaɗi. Abin da ke ragewa shi ne sauya siga. Waƙa ta fito daga ɗakin naɗar sauti na Kano, an ɗora ta a YouTube ta matsu sau ɗaya, wani ya sauke ta ya mayar da ita MP3 ta matsu sau na biyu, wani ya liƙa mata hoto ta zama bidiyo ya tura ta WhatsApp ta matsu sau na uku, dije kuma ya ciro sautin daga bidiyon ya yi na huɗu; a kowane zango an zubar da wani abu, abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa har abada. Masu ɗaukar fayil mai 128 su mayar da shi mai 320 suna zaton sun gyara shi, nauyi kawai suka ƙara masa. Ɗan lasifikar waya yana rufa wa irin wannan fayil asiri, amma ranar da aka haɗa shi da manyan sifiku a fili, sai a ji saman kiɗan yana shiiii, ƙasansa ya dagule, mai gidan biki kuma ya ɗora laifin a kan kayan aikinka. Ƙa'idar dai ita ce a nemi mafi kusa da asali, a ajiye shi kada a taɓa, duk wani gyara a yi shi a kan WAV, a matse sau ɗaya rak a ƙarshe.

Sai mas'alar cire murya, wadda ita ce zuciyar wannan babi. Tsohuwar dabara, wadda manhajar Audacity ta kyauta take iya yi, ta dogara ne a kan cewa waƙar zamani tana da ɓangare biyu, na hagu da na dama, kuma bisa al'ada ana ajiye muryar mawaƙi a tsakiya, wato daidai wa daida a ɓangarorin biyu. Idan aka kife ɓangare ɗaya aka haɗa shi da ɗayan, duk abin da suka yi tarayya a kansa sai ya shafe. Murya takan tafi, gaskiya ne, amma takan tafi da ganga da amon ƙasa waɗanda su ma a tsakiya suke zaune, ta kuma bar amsa-kuwwarta tana yawo a bayan kiɗan. Idan kuwa waƙar mai ɓangare ɗaya ce, kamar galibin tsofaffin naɗe-naɗen da aka ɗebo daga faifan garmaho da kaset, to, abin da zai saura bayan an gama shi ne shiru.

Sabuwar dabara ita ce ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ta yaɗu bayan da kamfanin Deezer na Faransa ya saki manhajar Spleeter kyauta a 2019, mai iya raba waƙa gida biyu ko huɗu ko biyar, murya daban, ganga daban, sauran kayan kiɗa daban. Lalle aikinta abin mamaki ne, kuma a kan waƙoƙin fiyano na zamani takan yi abin a yaba. Amma ita da ire-irenta da suka biyo baya an horar da su ne galibi a kan waƙoƙin Turawa, saboda haka a wurinsu murya duk murya ce: su kwashe jagora, su kwashe 'yan amshi tare, alhali amshin nan shi ne ke riƙe da mai rerawa, shi ke gaya masa inda zai shiga da inda zai numfasa. Haka kuma goge da kukuma da sarewa, waɗanda amonsu ke kama da muryar mutum, sau da yawa ana gutsure su a tafi da su. Ni a ra'ayina, waƙoƙin magabata irin su Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Ɗanmaraya Jos a ƙyale su yadda Allah ya yi su. Kalangun Shata bin magana yake yi, yana tashi inda ta tashi, yana sauka inda ta sauka, kuma wanda ya zare maganar ya bar kalangun, me ya rage masa da zai ba wani ya hau? Wanda ke son rera su, ya rera tare da mai su, kamar yadda aka saba tun asali.

Hanyar da ta fi kowace tsabta, wadda kuma mutane suka fi gudu saboda tana da kuɗi, ita ce a koma wurin wanda ya haɗa kiɗan. Masu ɗakunan naɗar sauti a Kano da Kaduna da Katsina suna aiki da manhajoji irin su FL Studio, wadda kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya yi, inda kowane kayan kiɗa da kowace murya ke da layinta daban. Rufe layin jagora a fitar da sauran aikin 'yan mintoci ne. Saboda haka idan an yi wa ango da amarya waƙa ta musamman, kamar yadda aka saba yanzu, kada wanda aka aika ya baro ɗakin da fayil ɗaya. Ya karɓi cikakkiyar waƙa, ya karɓi kiɗa da amshi ba jagora, ya karɓi kiɗa zalla. Idan kuma waƙar ta ba-ni-in-ba-ka ce tsakanin namiji da mace, irin ta finafinai, ya nemi wadda aka bar muryar macen da wadda aka bar ta namijin, domin sau da yawa a filin biki mutum ɗaya ne zai fito. Duk su zama WAV, duk su fara daga wuri ɗaya, a zuba su cikin filash. Idan larura ta sa sai an turo ta WhatsApp, a turo su a matsayin takarda, kada manhajar ta taɓa su.

Game da rubutun da ke gudu a kan allo kuwa, wanda a ƙasashen waje shi ne alamar karaoke, sigogi uku ne suka shahara. Akwai CDG, gadon faifan shekarun 1980, mai launi 16 kacal da ɗan ƙaramin hoto, wanda ke tafiya tare da MP3 ɗinsa kamar tagwaye, sharaɗi kuwa sunansu ya zama ɗaya harafi da harafi, a cikin jaka ɗaya, in ba haka ba a ji kiɗa allo yana baƙi. Akwai LRC, wanda rubutu ne kawai, an sa minti da daƙiƙa a gaban kowane layi, kowa yana iya shirya shi da hannunsa, kuma shi ya fi dacewa da mai shirya waƙar Hausa. Akwai kuma MP4, inda aka narkar da sauti da rubutu suka zama bidiyo ɗaya, wanda kusan kowace talabijin da kowace waya da manhajar VLC ke buɗewa ba gardama; shi ne ya fi aminci ranar taro, sai dai idan an yi kuskuren suna a ciki ba ya gyaruwa sai an sake aikin. A nan akwai wani tarko da ya keɓanci harshenmu. Haruffan nan masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda suka zauna cikin rubutun boko tun zamanin Hukumar Talifi ta Zariya a shekarun 1930, ba kowace manhaja ce ta san su ba. Idan ba a adana rubutun da tsarin UTF-8 ba, ko aka zaɓi salon haruffan da babu su a ciki, sai su fito a allo kamar ƙananan akwatuna ko alamar tambaya, mai rerawa ya yi tuntuɓe a tsakiyar baiti. A gwada tun a gida, a kuma sa kowane layi ya bayyana ɗan gabanin lokacinsa, domin ido yana bukatar ya riga baki.

Duk da haka kada a ɗora wa allo darajar da ba tasa ba. Jama'armu masu hadda ne, yarinyar da ta ji waƙa sau uku a waya ta riga ta haddace ta, kuma cikin iyaye mata akwai waɗanda ajami suka sani ba boko ba. Ga shi kuma biki a fili ake yi da rana, inda hasken rana ke cinye hasken talabijin. Rubutu yana da amfani ne ga sabuwar waƙa da kuma jerin sunayen da ba a so a tsallake, ga wannan kuwa takarda ɗaya da aka rubuta da manyan baƙaƙe ta wadatar. Abin da ya fi allo muhimmanci shi ne daidaita kiɗa da muryar mai rerawa, domin kiɗan da aka yanka wa namiji yakan yi wa mace ƙasa, nata kuma ya yi masa sama. Manhajar VirtualDJ tana ɗaga amo ko ta sauke shi nan take ba tare da ta canza saurin kiɗan ba. Taki biyu ko uku ba laifi, abin da ya wuce haka kuwa sai kayan kiɗan su fara canza kama.

Wani aiki da ake rainawa shi ne fihirisa. Fayil ɗin da ya zo ta WhatsApp yakan zo da suna AUD da jerin lambobi, kuma mai irin waɗannan guda ɗari biyar a jaka ɗaya, ranar da wata dattijuwa ta matso ta ce masa, "Ɗan nan, sa mana ta Barmani," zai yi ta buɗe wannan yana rufe wancan, mata suna tsaye suna jira. A rubuta sunan mawaƙi, sannan na waƙa, sannan sigarta, ko cikakkiya ce ko mai amshi ko zalla, a kuma guji haruffa masu ƙugiya a cikin sunan fayil kansa, saboda wasu sifiku masu karɓar filash ba sa karanta su. A daidaita ƙarfin sautin waƙoƙin duka, kada wata ta zo a raunane ta bayanta ta fasa kunne. Manhajar MP3Gain tana yin wannan ba tare da ta sake matse fayil ba. A sani kuma filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4. Komai ya zama yana da kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash ko a waya ta biyu da ke shirye da igiyarta. Memorin baƙo kuwa, ko da na ƙanin ango ne, kada ya shiga kwamfutar aiki a tsakiyar taro, domin ta nan ne cutar nan da ke ɓoye jakunkuna ta bar inuwarsu take yaɗuwa; a karɓi waƙarsa a waya, a buga ta daga can.

Ranar taro a haɗa kwamfuta da na'urar haɗa sauti da igiya, kada a yi amfani da Bluetooth, wanda ke jinkirta sauti ɗan kaɗan har rubutu ya riga kiɗa. Makirfo kuma ya shiga na'urar haɗa sauti kai tsaye, kada ya bi ta cikin kwamfuta. Idan aka ji wani gunji a sifiku, a zare cajar kwamfuta a saurara, sau da yawa daga nan yake, musamman a kan wutar janareta, shi ya sa batir mai rai yake cikin jarin wannan sana'a. A hana kwamfuta barci, a kashe ƙararrawar saƙonni, a ajiye ta a inuwa, a kare ta daga ƙurar hunturu.

Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kiɗa tun zamanin da, kuma wannan littafi ba wurin fatawa ba ne. Abin da ya hau kan dije shi ne ya san gidan da ya shiga, domin akwai masu walima da ba sa son komai sai bege da bandiri, ko ƙasida ba kiɗa, ya kamata kuma ya tanadi jakarsu daban. Amma haƙƙin mai waƙa magana ce da ba ta bukatar dogon bahasi. Mun taso cikin al'adar kwafar kaset tun zamanin da kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano take cika Arewa da shi, har muka manta cewa kiɗan nan wani ne ya kwana yana haɗa shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga mai waƙa da mai naɗar sauti. Rera waƙar wani a biki don nishaɗi daban, ɗaukar kiɗansa ka ɗora baitocinka ka sayar wa ɗan takara kuma daban, na biyun nan sai da izini da biya.

Daga ƙarshe akwai mas'alar lokaci, wadda a Runka da maƙwabtanta ta fi ƙarfin son rai. Halin tsaro ya sa baƙin da suka zo daga Batsari ko Dutsin-ma suna son su kama hanya da sauran rana, saboda haka sau da yawa shagali tsakanin La'asar da Magariba yake, awa biyu zuwa uku, a cikinsu kuma za a yi gabatar da dangi, a yi liƙi, a ɗauki hoto, a kuma sauke sauti gaba ɗaya da zarar ladan ya ɗaga murya. Wanda ya san haka yakan je gidan biki tun ana gobe, ya karɓi sunayen waɗanda za su rera, ya sa kowannensu ya gwada baiti ɗaya a kan kiɗansa, ya rubuta taki nawa aka ɗaga ko aka sauke, sannan ya jera fayilolin cikin jaka ɗaya da lamba ɗaya, biyu, uku, bisa tartibin da uwar biki ta amince da shi.